Binnen Hamani

"Tanne, buɗe tukunyag ga ki ba ni irin!"

Tanne ta tsaya a bakin rumbu tana kallon saurayinta. Rumbun ma suna ne kawai. Tun da fara ta share hatsin Kurfai bara, babu abin da ya rage musu sai tukunyar iri guda, an toshe bakinta da laka.

"Hamani... ko gajimare babu sama."

"Na sani, hasken idona. Amma gobe da sahe za a kora mu. Nasaran bariki na son masu ɗaukar kaya zuwa garin Tawa, kuma an hwaɗi sunana."

Ba sai ta tambayi wanda ya faɗa ba. Magagi ne, mai rumbuna cike, wanda ya daɗe yana zagaye gidansu tana juya masa ƙeya. Shi ya raka dogarin barikin Filinge har ƙofar Hamani, yana ta sunkuyar da kai wai shi mai tausayi.

"In ruwa ya zo ba ni nan, wa za shi shibka muku? Bari in yi binne yau. Irin shi kwanta cikin rairayi shi jira ruwa."

Daga cikin bukka mahaifinta Ɗangoma ya ɗaga murya. Kurkunu ya kwantar da shi, ƙafarsa ta kumbura, ga shi ba shi da ɗa namiji.

"Kul! Gidan ga ba a shibka sai an yi ma ƙasa yanka! Kai ɗan masu salla, mi ka sani ga gonata?"

Hamani kuwa ita kawai yake kallo.

"Tanne... ki yarda da ni."

So bai bar ta ta yi lissafi ba. Ta sa dutse ta fasa lakar.

Yini guda yana sara tana bin sa da iri, tana rufewa da diddige. Da rana ta yi sanyi ya share mata gumi da gefen rigarsa.

"In na komo, hatsin ga za a daka ranar armenmu."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Bayan tafiyarsa aka yi ruwa. Ruwan wulaƙanci, wanda ko zani bai jiƙa sosai ba. Ya dai isa ya yaudari irin ya tsiro, sannan sama ta bushe ƙaf. Tanne tana kallo tsiron ya yi ja, ya kwanta, ya zama ƙura.

Sai da komai ya mutu ruwan gaske ya sauka.

Gari duka ya fita shuka, gonar Ɗangoma kaɗai ke kwance. Tsohon bai zage ta ba. Da ma ya zage ta! Bango kawai ya juya wa fuska, uwarta kuwa ta koma tonon gidan tururuwa tana tsintar ƙwayar da za su dama.

Ana cikin haka Magagi ya sami Tanne, da masakin iri a kai.

"Ba ni tilasta miki, Tanne. Amma ba ni ba bare iri, sai surukai."

Ta tsane shi har cikin ranta. Ta dubi masakin, ta dubi ƙafafun uwarta da suka fara kumbura don yunwa. Babu wanda ya ce mata ta karɓa. Da hannunta ta sauke masa.

Da kaka ta kusa, tana cikin gona tana korar tsuntsaye ta hango wani ramamme tafe, tsakiyar kansa duk gyambon kaya. Sai da ya taho da gudu ta gane Hamani ne.

"Tanne! Tanne tawa! Ya kama!"

Yana shafa zangarniya yana dariya kamar yaro.

"Dubi binnenmu! Wallahi dut hanya shi nika tunawa. Ko sun buge ni sai in ce, ai Tanne na da abinci..."

"Hamani..."

"Ina baba? Yanzu dai shi yarda da ni!"

"Hamani, saurara mini!"

Ya tsaya, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"Naka ya mutu. Wanga na Magagi na."

"To, sai mu biya shi..."

"An biya shi."

Sai a lokacin ya lura da lallen amarcin da ke ƙafarta. Ya daɗe yana kallo. Tanne ta so ƙasa ta tsage ta shige, don ba ta taɓa son sa kamar wannan lokacin ba.

A hankali ya saki zangarniyar da ke hannunsa.

"Kina ci dai kina ƙoshi?"

Ta gyaɗa kai.

"To, madalla," ya ce.

Ya juya ya bi ta gefen kunya, yana takawa a hankali don kada ya karya musu ko kara ɗaya.