Gishiri a Ajin Baba

"Gishiri! Gishiri a ajina, Nagisa!"

"Ɗan barbaɗe ne fa, Baba, kuma na share."

"Kin share? To mene ne wannan yake ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin safata? Kakanki ya buɗe makarantar nan don yara su koyi natsuwa, ke kin mayar min da ita filin kokawa!"

"Da natsuwar taka yara nawa suka rage maka? Huɗu! Biyu ma barci suke zuwa yi."

Malam Udagawa ya dire kofin shayi da ƙarfi har ya fantsamo a kan ɗan teburin cin abinci. Mama Tokiko ta miƙo tsumma ba tare da ta ɗago kai ba, ta ci gaba da zare ƙaya daga gasasshen kifi. Ta saba. Tun da sunan Kohei ya shigo gidan nan ba a ƙara cin abincin safe lafiya ba.

Makarantar soroban ce a ƙasan benensu, inda yara ke zuwa bayan an tashi daga makarantar gwamnati, su yi ta kaɗa ƙwayoyin katako a kan sanduna har lissafi ya zauna musu a ka. In yaro ya ƙware sai a ɗauke katakon, ya riƙa motsa yatsu a iska, amsa tana fitowa. Malam Udagawa ba shi da ɗa namiji, Nagisa ce kaɗai. Saboda haka duk wanda ya aure ta, shi zai ajiye sunan gidansu ya ɗauki Udagawa, ya gaji makarantar. To ga wanda ta kawo: Kohei mai awara, tsohon ɗan kokawar sumo da gwiwa ta sallama tun bai yi suna ba. In zai shigo ƙofar gidan sai ya karkata.

"Mutumin da yake tunani da tumbi!" in ji Malam. "Shi zan ba sunana?"

"Mutumin da ya cika maka aji, Baba. Asabar ɗin da ta wuce har a kan matakala suka zauna."

"Wasa suka zo yi."

"Wasa suka zo yi, da lissafi suka koma gida!"

Ta miƙe ta goya hannu a baya, ta turo leɓen ƙasa, ta karya murya ta hanci kamar yadda uban yake jan lambobi in yana karanta wa yara: "Ashiriiin da ukuuu... a ƙara goma sha ɗayaaa... wanda ya yi tari ya fitaaa..."

Mama Tokiko ta ƙware da shinkafa. Malam ya yi jajir har saman kunne.

"Yau Asabar ko? Yau ne ranar shirmen naku? To zan sauko. Ke ba za ki ce uffan ba, shi kaɗai zai yi. In ya kasa, ya kwashe igiyarsa da gishirinsa, kada in ƙara jin ƙanshin awararsa a ƙofar nan. Ke kuma in kin bi shi, ki bar min katakonki a kan tebur."

"Zan bari," in ji Nagisa.

Sai da ta shige ɗakinta hawayen suka zubo. Ta san abin da Baba bai sani ba, kuma shi ne ke cin ta. Duk Asabar, in Kohei ya haɗa yara gasar lissafi irin ta kokawar sumo, ita take jefa lambobi, ita take sanin amsa, sai ta ɗan kashe wa Kohei ido ta gefen wanda ya ci, shi kuma ya ɗaga maficinsa na alƙalin wasa ya nuna shi. Kohei ya iya yara, ya iya kirari, ya iya sa mai kunya ta buɗe baki. Amma lissafin ka? Da ya haura hamsin sai gumi.

Da rana ta tare shi a bayan gida yana sauke akwatin awara daga keke.

"Ka saurare ni. In na yi tari ɗaya, gabas ce ta ci. In biyu, yamma."

"Mura kike yi?"

"Kohei! Kada ka raina min hankali."

Ya goge hannu a rigar aikinsa, ya dube ta daga can sama. "Nagisa, sunan mahaifinki zan ɗauka fa. Ta taga kike so in shiga in ɗauko shi?"

"To ka shiga ta ƙofa ka maƙale!"

Ya yi dariya har akwatin na girgiza, ita kuwa ta juya fuu ta bar shi nan.

La'asar ta yi, aji ya cika. An ture benci gefe, an zagaya igiya a tsakar ɗaki. Yara sun rabu biyu, gabas da yamma, kowa da sunan kokawarsa da Kohei ya raɗa masa. Malam Udagawa ya sauko da baƙar rigarsa ta baƙi, ya naɗe ƙafa a bakin igiya, ya harɗe hannu a ƙirji kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Nagisa ta rakuɓe kusa da allo.

Kohei ya shiga da mafici a hannu, ya ja murya: "Daga gabaaas, Guguwar Tara! Daga yammaaa, Dutsen Ragowa!"

Wata 'yar firit mai giɓi ta fito daga gabas, wani ɓuleleken yaro daga yamma. Suka ɗebi gishiri suka watsa kamar yadda 'yan sumo ke yi, suka ɗaga ƙafa suka dire, suka tsuguna suna hararar juna, yatsu a shirye a iska. Malam ya bi gishirin da ido har ƙasa, haƙoransa a cije.

Karon farko ya wuce lafiya, lambobin ƙanana ne. Na biyu ma haka. Wanda ya riga faɗin amsa daidai, ɗayan ya ja da baya taku ɗaya, har ya fita daga igiya, su rusuna wa juna, babu ihun murna babu gwalo. Nagisa ta lura babban yatsan Baba yana motsi a kan gwiwarsa, yana bin lissafin bai sani ba.

Sai Malam ya yi gyaran murya. "Wannan ai ƙirgen 'yan yaye ne. Ni zan ba da lamba."

Nagisa ta kafe Kohei da ido.

"Ashiriiin da bakwaiii... a ƙara arba'in da takwaaas... a cire goma sha taraaa... a ƙara talatin da shidaaa!"

"Tamanin da biyu!" in ji yaron yamma.

"Casa'in da biyu!" in ji mai giɓi, kusan tare.

Alƙalin sumo ba ya tsayawa tunani. Ko ya gani ko bai gani ba, dole mafici ya nuna wani a take. Nagisa ta yi tari ɗaya. Ta yi shi da ƙarfi kamar mai shirin amayar da huhu. Kohei bai ko waiwayo ba, idonsa na rufin ɗaki, gumi na bin wuyansa, leɓensa na motsi. Ya ɗaga mafici ya nuna yamma.

Shi ke nan. Nagisa ta runtse ido.

Amma kafin kowa ya yi numfashi hannun Malam Udagawa ya tashi sama, cak! Shekara da shekaru bai taɓa jin amsar banza ya ƙyale ta ta kwana ba, hannun da kansa ya tashi.

Aji ya ruɗe. "An ɗaga hannu! Mai duba ya ɗaga hannu!"

Duk wanda ya taɓa kallon sumo ya san ma'anar wannan. In dattijo mai baƙar riga na bakin fage ya ɗaga hannu, to ya ƙi hukuncin alƙali, kuma dole ya tashi ya shiga cikin igiya ya yi wa jama'a bayani. Yara suka dare suka buɗe masa hanya. Malam ya dubi hannunsa kamar na aro, ya dubi idanuwan da suka zubo masa. Babu yadda zai yi. Ya miƙe, ya tsallaka igiyar da ya rantse sai ya ƙona, gishiri na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin safarsa.

"Mafici ya nuna yamma," ya faɗa, muryar ta koma ta mai sanarwa ba da saninsa ba. "Amma saba'in da biyar a cire goma sha tara, hamsin da shida ne. A ƙara talatin da shida, casa'in da biyu. Alƙali ya yi kuskure. Gabas ta ci."

Mai giɓi ta rusuna, bakinta na son tsagewa don murna amma ta danne.

Kohei ya sauke gwiwarsa mai ciwo a hankali, har sai da ta yi ƙara. Ya ajiye maficin a gaban Malam da hannu biyu, ya kai goshi ƙasa.

"Malam, na zalunci yarinya a gaban jama'a. Na ajiye aiki. Lissafina bai kai ba, kuma duk Asabar ɗin da ta wuce da idon 'yarka nake gani. Gara ka ji daga bakina."

Malam ya dubi maficin. Abin da ya sauko nema ke nan, ga shi an ajiye masa a gaban ƙafa.

"Na karɓ..."

Ƙwas! Katakon Nagisa ya sauka kusa da maficin, ƙwayoyinsa na karkarwa. Ta tsaya a cikin igiya, ido jajir, hawaye na gudu amma haɓarta a sama.

"Ka haɗa da wannan. Ni na ce masa mu yi maka maguɗi, ya ƙi. Tarin da ka ji ba mura ba ce." Sai ta goya hannu a baya, ta turo leɓe, ta ɗauko muryar da uban ke yi wa talabijin duk lokacin gasar sumo: "'Tokikooo! Zo ki ga namiji! Ya yi kure ya ajiye mafici da kansa! Irin wannan ba a karɓar murabus ɗinsa, mayar masa ake yi! Wanda ya karɓa bai san sumo ba!' Ba kai kake faɗa ba, Baba? Ko Mama ce take da gemu?"

Wani yaro ya fashe da dariya ya toshe baki. Daga kan matakala aka ji muryar Mama Tokiko, wadda ba wanda ya san ta sauko: "Shi ne. Har da buga tebur."

Malam ya dubi ƙaton bayan da ke rusune a gabansa, ya dubi yaran da suka cika masa ɗaki har taga. Can ya sunkuya ya ɗauki maficin, ya juya shi, ya miƙa ta wajen mariƙi.

"Tashi, kana toshe min haske. Ba aure na ba ka ba, kada ka yi murna. Daga Litinin za ka zauna a ajin 'yan farko, a kan bencinsu. Ran da ka ci jarrabawar da wannan mai giɓin ta ci, ka zo mu yi magana. Ke kuma ɗauki katakonki, ba a jifa da shi."

Haka Kohei ya zauna tsakanin 'yan shekara shida, gwiwoyinsa a kusa da kunnuwansa, yatsansa ɗaya yana ture ƙwaya uku a lokaci guda. Ya faɗi jarrabawa, ya sake faɗuwa. Nagisa ta yi fushi, ta yi kuka, ta kwaikwayi Baba har makwabta suka haddace, amma ba ta ƙara yin tari ba. Sai da furen itacen ceri ya zuba ya sake fitowa, shekara ta zagayo, sannan ya kawo sakamako, Malam ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce wa matarsa ta dafa jar shinkafa ta murna.

'Yan'uwana 'yan mata, ku ji da kyau. Ki tsaya wa wanda kike so da ƙafa biyu, ki faɗa wa iyaye gaskiyarki ido da ido, amma kada ki shigar da shi gidanku ta hanyar ƙarya. Namijin da ya iya cewa "na yi kuskure" a gaban yara ƙanana, ya cancanci a jira shi, kuma jiran ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ana gobe biki Mama Tokiko ta sauko share aji, ta tsaya riƙe da ƙugu a kan tarin katakai a lungu.

"Benci uku! Uku surukinka ya karya min! Wa zai gyara?"

Malam Udagawa bai ɗago daga jaridarsa ba.

"Ki bar min yaro," in ji shi. "Bencin ne ya fara."