Wutar Maƙesu a Bakin Tabki

"An fasa auren!" Baba ya buga sandarsa ƙasa. "Daman ban so masunci ba, ga shi yana lallaɓawa garkar su Barira da duhu!"

"Baba, Tanko bai ci amanata ba."

"Ke Ɗelu! Mutum uku suka gan shi!"

Sun gan shi kam. Amma ni na san yadda aka yi...

Kullum bayan magariba, in Tanko ya taso daga tabki, sai ya ƙyafta tocila sau biyu. Ni kuma in amsa sau uku daga garkarmu, ya biyo hasken mu gaisa. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, Barira 'yar kawuna ta amsa mishi daga garkarsu. Bawan Allah ya bi wuta ya faɗa hannun yayyenta!

Kuka? Ni? Allah ya kiyaye!

Wajen kakata na nufa, na tarar tana kallon maƙesu suna walƙiya cikin ciyawa.

"Ja'ira, cikin ƙwarin nan akwai mayya," in ji ta. "Wutar wata take kwaikwaya, namiji ya sauko da murna ta cinye shi."

"To Kaka, ita mayyar ba a yi mata ƙarya?"

Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

Washegari na durƙusa gaban Baba.

"Alfarma ɗaya, Baba. Ka shiga jirgin Tanko yau bayan magariba. In ƙarya nake, ka ba ni duk wanda ka so."

Ya harare ni, amma ya shiga. Tanko na tuƙi, ni na miƙa wa Baba tocilar.

"Sau biyu, Baba."

Ƙyaf... ƙyaf...

Daga garkar su Barira wuta ta amsa sau uku!

Jirgi bai gama tsayawa ba Barira ta sheƙo, ƙamshin turare na tashi.

"Nawan! Na san za ka dawo... Ai na gaya wa yayyena kai ka biyo ni, yanzu Ɗelu sai dai ta..."

Baba ya haska fuskarsa.

"Sai dai ta me, Barira?"

Tocilarta ta faɗa ruwa, tsulum!

A hanyar komawa Tanko ya raɗa mini, "Hasken idona, kin cece ni..."

Farin ciki kamar ya kashe ni!

Baba ya yi gyaran murya.

"Kai masunci! Turo iyayenka ran Juma'a. Da rana tsaka, ka ji? Na gaji da auren tocila!"