Lalle a Ƙafar Mai Kifi

"Na ce ba zan yi allurar nan ba, Abban Tawfiq. Sai bayan bikin Batulu."

Mijinta Abdulbasit ya ci gaba da shafa mata man zafi a yatsu.

Mashkura fa ba taurin kai ne da ita ba, tsoro ne. Ciwon gaɓoɓi ya daɗe yana cin ta, maganin da take sha kuma ya raunana mata garkuwar jiki. Bara mura kawai ta sauka mata a ƙirji, sai da aka sa mata iskar numfashi. Yanzu likita ta ce ta yi rigakafi, ta ɗan dakatar da ƙwayoyin don allurar ta kama. In yatsun suka sandare fa? Ita da duk Wuse aka san ta da lalle, ƙanwarta guda, Batulu, ta tafi gidan miji da zanen wata?

"Yanka salatif ɗin ne ke gagara ta in ciwon ya tashi," ta ce. "Wa zai fitar min da furannin?"

"Ni."

"Kai? Wannan ba cire ƙayar kifi ba ne, mai kifi..."

Sai ya zare safar da kwanan nan ya nace wa sakawa duk zafin nan. Mashkura ta saki baki. Tun daga idon sawu har yatsu, jan lalle ne raɗau, ganye-ganye irin nata sak. Na ƙafar hagu a karkace, na dama kuwa ko ita sai haka.

"A rumfa nake koyo da reza, in ciniki ya lafa," ya ce. "Jiya ina alwala 'yan kasuwarmu ta kifi a Kado suka gani. Yanzu amarya suke kira na, har maƙwabcin rumfata, Oga Ebenezer."

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Namiji guda, mai gemu! Wallahi ba ta taɓa son sa kamar yau ba.

"Ni zan yanka, ke ki liƙa wa Batulu," ya ce a hankali. "Zanen naki ne, masoyiyata. Abin da na gani bara ne ba zan iya sake gani ba."

Ta goge ido, ta jawo mayafi.

"Tashi mu je asibitin. Amma bar safar nan a gida, ina so likita ta ga mijina."