Kujera ta Biyu a Ɗakin Gwaji

A kan bencin da ke ƙofar ɗakin gwaji suka fara haɗuwa, ita riƙe da lamba goma sha huɗu, shi da goma sha biyar, gumin hannunsa ya jiƙa takardar sharkaf.

"Malam, takardar nan za ta yage fa," in ji ta.

"Bar ta ta yage, ni ma saura kaɗan."

Ta yi dariya, ya ɗago ya dube ta, sai ya manta da jimlolin da ya kwana uku yana haddacewa.

Wasu 'yan ƙasar waje ne suka sayi kamfanin firji da suke wa aiki, suka zo da sabuwar doka. Kowane ma'aikaci sai ya ci gwajin magana da Turanci. Zama uku ake ba mutum cikin wata shida, in ya faɗi duka ya ajiye katin aiki. Bibbiyu ake shiga, ɗaya ya zama mai saye da ya kawo ƙorafi, ɗaya ma'aikaci, mai gwaji tana gefe da rikoda tana ba da maki.

Ita a teburin amsa waya take, Turanci a bakinta kamar an kunna famfo. Shi kuwa mai gyara ne, shekara takwas yana tsugune a bayan firji, daga ƙarar inji yake gane ciwonsa. Littafin gyara na Turanci yana karanta shi sarai. Amma a ce ya buɗe baki gaban mutane, nan harshe ke ɗaurewa. Har yau ban gane abin da ya haɗa gyaran firji da iya ba wa mutum haƙuri da Turanci ba, amma ba a tambaye ni ba.

Su biyun aka haɗa, ita aka ba matsayin mai ƙorafi, ta kuwa zuba masa ƙorafi har da tafa hannu. Jimla uku ya iya haɗawa cikin minti goma. Da suka fito ya share goshi ya ce, "Kwastoma, wallahi da firjin gaske ne da tuni na gyara miki."

"To Injiniya, sai ka gyara bakin."

Sunayen da suka bi su ke nan. Ita ta ci, shi ya faɗi.

Tausayi ne ya sa ta fara zama da shi lokacin hutun rana, a kan wani akwatin firji a bayan sito, tana koya masa yadda ake gaishe da mai saye da yadda ake ba shi haƙuri. Daga baya tausayin ya koma wani abu, su duka sun sani. A gabanta yana magana lafiya lau. Wata rana ya turo mata saƙo:

"Kwastoma, yau na yi wa madubi Turanci na minti biyar bai kore ni ba. Ina son ki. Wannan kam da Hausa zan faɗa, kar na yi kuskure."

Ta amsa: "Na ba ka maki cikakke. Ka ci abinci, Injiniyana."

Zama na biyu ya zo, aka haɗa shi da wani direba. Rikoda na kunnuwa komai ya gudu daga kansa. Ya sake faɗuwa.

A makon ne kuma kawunsa ya je wajen mahaifinta neman aure. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum ne mai girmama takarda da hatimi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ba ya da ja a kan halin yaron, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda aikinsa ke rataye da zare ba. In ya ci gwaji a dawo a yi magana, in bai ci ba kowa ya kama gabansa.

"Baba, sana'a gare shi a hannu," ta ce tana hawaye.

"Na ga masu sana'a a hannu suna yawo da akwatin ƙarafa ba mai kiransu. Ga shugaban sashenku nan, ɗan mutunci, sau biyu yana aikowa."

Shugaban sashen nan shi ne ciwon. Ko ruwa zai nema sai da Turanci, ta hanci kuma. Ya daɗe da sa mata ido, kuma ya san inda take cin abincin rana.

Da zama na uku ya matso, Injiniya kaɗai ya rage bai ci ba, ba abokin shiga. Doka ta ce wanda ya riga ya ci zai iya zama masa a kujera ta biyu, amma sabon makinsa shi zai goge tsohon. Rabin makin kuwa na tafiyar hirar ne tsakanin mutum biyu, in ɗaya ya kafe sai ya ja ɗayan ƙasa. Ba wanda ya yarda. Sai ga shugaban sashe ya miƙa sunansa da fara'a, tunda shugabanni dokar ba ta hau kansu ba. Ta san abin da zai yi. Zai sakar masa Turanci da gudu har ya nutse.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta je ofishin ma'aikata ta ce a cire sunan shugaban a sa nata, ta sa hannu a kan cewa ta fahimci sharaɗin. Matar ofishin ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Ƙanwata, kin dai karanta?"

"Na karanta."

Ranar gwaji ya shiga ɗakin da sabuwar riga, ya tarar da ita zaune tana masa murmushi. Ya tsaya cak.

"Me kike yi a nan?"

"Zauna mana. Zan bi da kai a hankali, kamar yadda muke yi a bayan sito."

Ya dubi rikodar, ba a kunna ba tukuna. Ya ji harshensa ya fara nauyi kamar kullum. Ya san kansa. Ya kuma san albashinta ne ke riƙe da karatun ƙannenta biyu.

Ya juya ga mai gwaji. Da Turancinsa mai ɗingishi ya tambaye ta, in ya fita yanzu, makin wannan yarinyar yana nan yadda yake? Ta ce yana nan, amma shi za a rubuta masa faɗuwa ta uku.

Ya cire katin aiki daga wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Ta bi shi har matakala tana kira, bai waiwaya ba. Da yamma ta tura masa: "Ashe girman kanka ya fi ni a wajenka. Gara ka rasa ni da a ce mace ta taimake ka. Na gode."

Amsarsa gajeriya ce: "Da na ja ki mun faɗi tare, ba zan yafe wa kaina ba. Ki bi maganar Baba. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Sati uku ba wanda ya nemi wani. Ta rame, ta daina zuwa bayan sito, tana amsa waya da murya mai daɗi tana share ido da gefen mayafi. Shi ya koma wata rumfa a bakin titi da akwatin ƙarafansa, wata rana a kawo gyara, wata rana ya wuni yana kallon motoci. Baƙin ciki ya ci su duka biyun, kowa kuma yana ganin an gama.

Baba ne ya gaji da ganin kwanon abincinta yana dawowa yadda aka kai. Ya kira ta falo ya ce ta faɗa masa gaskiya. Ta zayyana masa komai cikin fushi, don ta nuna masa irin wulaƙancin da aka yi mata, ta ƙare da cewa ta haƙura, a ba wa shugaban sashe amsa.

Baba ya gyara zama ya dube ta.

"Sai da ya tambaya ko makinki yana nan, sannan ya fita?"

"E, Baba."

"Ke kuma kika kira wannan girman kai." Ya girgiza kai. "Ɗauko mini hulata."

Ya same shi a rumfar, kwance a ƙasa rabin jikinsa a bayan wani tsohon firji. Injiniya ya miƙe da sauri yana goge baƙin mai a wando, ya durƙusa.

"Baba, ban ci ba. Ban ma zauna ba."

"Na sani. Ni na kafa sharaɗi, ni kuma na zo na janye. Shekara talatin ina aiki, ban taɓa ganin wanda ya ajiye abincinsa don na wani ya tsira ba. Ka gaya wa kawunka ina jiransa."

Injiniya ya kifa kai a gwiwa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba wani taro mai yawa. Kamfani bai mayar da shi ba, ba kuma zai mayar ba. Ɗaki ɗaya ne da falo a bayan rumfar, ita ta fita da safe zuwa teburin waya, shi ya buɗe akwatin ƙarafa ya jira abin da Allah zai kawo.

Ranar da za a kai ta, Baba ya riƙe hannunta a bakin ƙofa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya dubi angon ya ce, "Ga ta nan. Ban san abin da za ku ci gobe ba, amma na san wanda na ba wa. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba."

Suka ce amin tare.