Janwe Yana Tafe

Audi ne ya kwanta a tsakiyar hanya, keke a kife a gefensa, jar ƙasa ta ɓata masa riga. Ranar Juma'a ce, rana ta take, bazara ta kai inda ko ƙadangare ba ya son fitowa. Duk mai ƙafa ya tafi masallaci. A sabuwar hanyar da ake fasawa tsakanin Sandamu da Dutsi ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Sada na tsugune a bayan kalgo, ya naɗe fuska da rawani, gumi na bin bayansa. Kabo na kusa da shi, bindiga a kan cinya. Tsohon soja ne Kabo. Da aka gama yaƙin basasa ya mayar da kakin gwamnati, bindigar kuwa ya ce ta faɗa kogi.

Sai ga ƙugin mota. Landirofa ce ta kamfanin titi, sabuwa fil, doguwar eriya na lilo a bayanta kamar bulala. Direban ya taka birki, ya fito da sauri yana salati, ya sunkuya kan Audi.

Audi ya buɗe ido, ya yi masa murmushi, ya cafke wuyan rigarsa.

Kafin mutumin ya gane, bakin bindiga na keyarsa. Suka tura motar ƙarƙashin tsamiyoyin da ke gefen kwalbati, suka ɗaure masa ƙafafu. Sada ya san shi. Baba Ya'u ne, dattijon da suka sha cin goro tare a yadin kamfani, kafin a kori Sada saboda sayar da man gas ta bayan fage.

Ba don Landirofar kaɗai suka zo ba. Wani dillali a tsallaken iyaka ya ce yana son janwe, motar jan motoci, irin sabon da kamfanin ya sauko da shi a shekarar ƙarin albashin Udoji, mai ƙugiya da igiyar ƙarfe. Janwe kuwa ba ya fita yadi sai an kira shi. Sada ne ya san yadda ake kiran, shi ya sa Kabo ya jawo shi cikin aikin.

Kamfanin ya sa wa kowace motarsa oba-oba, wani baƙin akwati a ƙasan sitiyari, da abin magana mai igiya. In mota ta lalace a daji ko an yi hatsari, direba zai danna maɓalli ya kira yadi a Daura, ya faɗi lambar motarsa da inda yake, ya ce oba, ya saki. Malam Kalilu da ke zaune a ɗakin rediyo shi zai amsa, ya turo janwe. Layi ɗaya ne tal. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, duk motocin na ji. In kuma ɗaya ya danna yana magana, sauran sai dai su jira ya saki.

Sada ne ya zaɓi Juma'a. Ya ce wa Kabo don hanya ba kowa. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙanensa Harisu ne ke tuƙa janwen, kuma Juma'a ce ranar hutunsa. Wani ne zai zo, a ɗaure shi a bar shi a inuwa, haka Kabo ya yi alkawari.

Kabo ya cusa wa Baba Ya'u abin maganar a hannu, ya ce ya kira yadda ya saba, in ya ƙara ko da tari ne zai watsa masa ƙwaƙwalwa a gilas. Dattijon ya danna. Ya ce mota ta bakwai ce, tana kwalbatin tsamiyoyi, giya ta ƙi shiga. Sai ya yi shiru bai saki ba.

"Ka ce oba, ka saki," in ji Sada a hankali.

Baba Ya'u ya ce oba, ya saki. Sannan ya juyo ya ƙura wa rawanin ido.

Akwatin ya yi ƙara, muryar Malam Kalilu ta fito, ya ce ya ji, janwe na nan kusa da Sandamu ya je ɗauko wata tifa, zai juyo da shi. Sai wata murya ta shigo, mai dariya a ciki.

"Baba Ya'u, sabuwar motar ma sai da ka tsofar da ita? Ka zauna a inuwa, ga ni nan. Ka ajiye mini goro, ba kyauta nake ja ba. Oba."

Sada ya gane muryar. Harisu ne. Daga baya ya ji cewa ɗaya direban suna ake yi a gidansa, Harisu ya karɓar masa aikin.

Baba Ya'u bai ɗauke ido daga kansa ba. "Sada," ya ce. "Kai ne? Ƙanenka ne fa ke..."

Sada ya kai masa mari kafin ya ƙarasa. Marin ya yi ƙara har Audi ya yi dariya. Amma sunan ya riga ya fita, Kabo kuma ya ji. Bai ji ƙarshen maganar ba, farkon kaɗai ya ishe shi. Ya tofar da goron bakinsa, ya ce ashe tsohon ya san mutane. Ya ce wa Audi ya je ya ɗauko addarsa a inda suka ɓoye kaya, ba zai ɓarnatar da harsashi a kan furfura ba.

Sada ya san Kabo. Wanda ya ga fuska ko ya kama suna ba ya kwana. In ya ce mai janwen ƙanensa ne, to ya yanke masa hukunci da bakinsa, don ɗan'uwa ya fi kowa gane ɗan'uwa ko da an naɗe shi da buhu. In ya yi shiru, Harisu zai iso ya tarar da gawa, Kabo ba zai bar shi ya koma ya ba da labari ba.

Kabo ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar yana jawo Baba Ya'u ƙasa. Sada na kujerar direba. Ya laluba aljihu ya zaro tsinken ashana. Ya danna maɓallin, ya cusa tsinken a gefensa har ya maƙale, ya ajiye abin maganar a kan kujera, ya jefa tsumman goge gilas a kai.

Yanzu duk abin da aka faɗa a nan, Daura na ji. Harisu na ji. Zai juya.

Ya ɗaga murya yadda ba ya yi. "Kabo, ka bar dattijon nan. Ka ce ba za a kashe kowa ba. Mai janwen da ke zuwa ma kashe shi za ku yi, kai da Audi, ku tsallaka iyaka da motocin?"

Kabo ya tsaya ya dube shi kamar ya ga akuya ta yi magana. Ya tambaye shi ko wa'azin Juma'ar ne ya biyo su daji. Sada ya ci gaba, yana maimaita cewa akwai bindiga, yana roƙo a ji tsoron Allah. Kabo ya taho ba sauri, ya juya bindigar, ya sauke masa gindinta a baki. Haƙora biyu suka zube. Ya ƙara masa a haƙarƙari. Sada ya yi ihu, ihun da bai shirya ba.

"Ka ga ɗan iska," in ji Kabo. "Ka sake buɗe baki, kai ne na biyu."

Audi ya dawo da adda. Baba Ya'u bai roƙe su ba. Ya ce dai su bar shi ya juya gabas. Audi ya ce rana ta yi zafi, ba shi da lokacin neman gabas. Dattijon ya fara kalmar shahada, bai kai ƙarshenta ba.

Sada ya kifa kai a sitiyari, jini na ɗiga a cinyarsa. Yana ta faɗa a zuci: ka juya, Harisu, ka juya. Ya saurara. Shiru. Kurciya ma ta daina kuka. Har ya fara jin sanyi a ransa.

Sai ƙasa ta fara rawa.

Janwen ya ɓullo daga kwana a guje, ƙugiyarsa na dukan ƙarfe, hon a danne. Bai rage gudu ba sai da ya zo daf, ya ja birki, tsakuwa ta watse. Ƙofa ta buɗe. Harisu ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu, ba hula, ba takalmi ɗaya.

"Ina yayana? Wa ya taɓa shi?"

Audi ya yi kansa da adda. Harisu ya kauce, ya sauke masa ƙarfen a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas! Audi ya durƙushe yana kururuwa. Harisu ya hango Sada a cikin mota, rawani ya warware, baki duk jini. Ya nufo shi da gudu.

Kabo ya harba sau ɗaya. Harisu ya yi taku biyu, ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta.

Kabo bai yi mamakin harbin ba, mamakin zuwan ya yi. Mutumin da aka kira ya ja mota ba ya saukowa da ƙarfe yana neman yayansa. Ya dubi Sada, ya dubi baƙin akwatin. Ya miƙa hannu ya yaye tsumman. Ya ga tsinken. Ya zare shi da farce, a hankali, kamar mai cire ƙaya.

Maɓallin na sakuwa, muryar Malam Kalilu ta cika motar, a dishe, kamar ta mutumin da ya daɗe yana kira a rijiya.

"...ka tsaya, Harisu. Ka tsaya inda kake. 'Yan sanda sun taso. Kar ka ƙarasa. Harisu, ka amsa mini. Oba."

Kabo ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ya ce wa Sada ashe shi ne malamin rediyon, to ya gaishe shi da aiki. Ya sa masa bindiga a cinya ya harba, ya ce wannan ta isa ta riƙe shi har masu kaki su zo, su ƙarasa masa a jikin durom, inda ake ɗaure 'yan fashi a harbe. Audi na roƙon ya ɗauke shi. Kabo ya dube shi ya ce mai karyayyar kafaɗa kaya ne, shi kuwa bai zo da ɗan dako ba. Ya haye janwen ya fizge shi, ya yanki daji ya nufi arewa.

Sada ya faɗo daga mota, ya ja ciki a kan tsakuwa mai zafi har ya kai ga ƙanensa. Harsashin ya shiga ta ƙasan haƙarƙari. Idon Harisu a buɗe yake. Ya ɗaga hannu ya taɓa leɓen Sada da ya fashe.

"Yaya, sun ji maka ciwo sosai? Na ji suna dukanka. A ina suka tare ku?"

Sada ya riƙe hannun da ke leɓensa.

"Kar ka gaya wa Inna na fito ba takalmi," in ji Harisu. Ya so ya yi dariya, jini ya hana.

Kafin motar 'yan sanda ta iso, ya cika.

Kabo bai kai iyaka ba. Direbobin kamfani a ko'ina sun ji sunansa da inda ya dosa. Masu tifa suka gicciye motocinsu a mararrabar da dole ya bi, 'yan sanda na bayansu. Ya harbi kofur ɗaya a hannu kafin harsashinsa ya ƙare. Ma'aikatan titi suka riga hukuma isa gare shi da shebur da diga. Abin da aka kwasa aka zuba a bayan mota, ba a buɗe wa kowa ya gani ba.

Audi ya faɗi komai tun kafin a tambaye shi. Ya ce Sada ne ya kawo shawarar, shi ya zaɓi rana, shi ya san kiran. Kotun fashi da makami ba ta ɓata lokaci ba, ta yanke wa Sada hukuncin harbi. Mahaifiyarsu, Hadijatu, ba ta zo kotu ba. An ce ranar da labarin gaskiya ya iske ta, ta sa aka fitar da akwatin kayan Sada aka ajiye a ƙofar gida, kowa ya ɗauki abin da yake so. Ba wanda ya taɓa, har akuyoyi suka cinye igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Mutum ɗaya ne ya nemi ganinsa a kurkuku kafin ranar durom. Malam Kalilu ne. Ya zauna a kan benci, ya ƙi karɓar gaisuwa. Ya ce ya bar aikin rediyo, kunnensa ba ya iya jin ƙarar akwatin nan. Ya ce a ranar ya ji komai, tun daga roƙon har saran adda. Ya gane tarko ne tun kalmar farko, ya aika a kira 'yan sanda, ya hau kiran janwe. Amma layi a toshe yake. Duk sanda ya danna, muryarsa sai ta ci karo da ta mota ta bakwai. Kuma duk yadda Harisu ya ƙara matsowa kwalbatin, haka muryar mota ta bakwai ke ƙara danne ta yadi, har ba abin da ke shiga kunnen yaron sai ihun yayansa.

Sada ya ce, ta cikin wawulon bakinsa, shi don ya cece shi ya yi.

Malam Kalilu ya miƙe ya gyara hula.

"Na sani," ya ce. "Shekara nawa ina gaya muku a yadi, in ka gama magana ka saki. Yaron nan bai taɓa ƙin jin maganata ba. Da ka saki ko na numfashi ɗaya ne, da ya tsaya."

Ya buga ƙofa, gandiroba ya buɗe masa.