Ya Koya Mini Riƙe Allura

"Wallahi ba zan koya ba!" Na wurgar da allurar, na juya masa baya.

"Haba 'yar lele... maɓalli ɗaya ne fa."

"Ina auren tela guda, in zauna ina soke yatsuna? Ka warke ka ɗinka da kanka!"

Ya bi allurar da ido. Mijina ke nan, uban 'ya'yana biyu. Shekara tara muna tare ban taɓa zura zare a allura ba. Ko zanina ne ya yage, sai dai in rataya masa a kan keken ɗinki in wuce. Amma tun ranar da likita ya ce ciwon hantarsa ya yi nisa, aka rufe shago, aka dawo da keken gida aka lulluɓe. Ƙafafunsa sun kumbura, ba sa iya taka shi.

"Jiya Auta ta tafi makaranta da fil a gaban riga," ya ce a hankali. "Ina kallo, hannuna na rawa, na kasa yi mata komai. So kike in tafi da wannan a raina?"

"Ka daina cewa za ka tafi!"

"To na daina. Ɗauko allurar."

Na ɗauko, hawaye ya hana ni ganin ƙofarta.

Haka muka fara. Kullum yara suka tafi makaranta, sai in jingina shi da filo kusa da taga, in zauna a gefensa.

"Kada zaren ya wuce tsawon hannunki, sarƙewa zai yi. Ninka shi biyu, ƙulla bakin."

"Haka?"

"Haka. Sa tsinken ashana a ƙarƙashin maɓallin kafin ki ɗinka, don ya samu wurin numfashi."

Ranar da na yi wa wandon babban ɗanmu faci a gwiwa, ya juya shi ya sake juyawa.

"Wannan ɗinki ne ko kaza ce ta yi tono?"

Na kai masa duka da ƙyalle, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni na fara daina dariyar.

Ya koya mini zura roba a ƙugun wando, da ɗinke hammata idan ta farke, da kalmasa.

"Ki riƙa barin rara a kalmasar, kamar yatsa uku. Yara girma suke yi. Baɗi sai ki warware ki sake."

Baɗi... Bai dube ni ba, nima ban dube shi ba.

Wata biyu aka yi, rigunansa duk suka yi masa yawa, kamar an rataya su a ƙusa. Wata safiya ya miƙo mini ɗaya.

"Rage mini ita. Ba na so yara su ga yadda na koma."

Na rage ta daga gefe da gefe. Ya bi ɗinkin da yatsa tun daga hammata har ƙasa, ya lumshe ido.

"Alhamdulillahi. Babu abin da ya rage in koya miki."

Na fizge rigar, na sa almakashi na farke ta, na maida ɗinkin a karkace, na tura masa.

"Duba! Ban iya ba! Ka ga ya karkace... da saura, baban yara, wallahi da saura!"

Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Ƙasusuwa kawai nake ji.

"Ƙarya kike, masoyiyata. Kin iya."

"Ban iya zama babu kai ba..."

"Wannan kam ni ma ban iya ba, balle in koya miki."

Kwana shida bayan nan, da hantsi, ina ba shi ruwa a cokali, ruwan ya dawo ta gefen bakinsa. Na kira shi sau uku. Na girgiza kafaɗarsa.

Ina nan riƙe da cokalin har na ji muryar yara a ƙofa, sun taso daga makaranta suna rige-rigen wanda zai fara gaishe shi.