Wutar da Ta Sauka a Kofato

A shekara ta tara ta sarautar Sarkin nan da ake wa laƙabi da Gagara-Tanƙwara, a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya ɗauke sannan ya dawo da yayyafin bankwana, rundunarsa ta cika wata uku tana kewaye da birnin ƙanensa Yarima, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a. Dawaki sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Mai kula da su shi ne Shamaki, tsoho mai kaifin baki, wanda ya fi jituwa da doki a kan mutum, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Wata safiya 'yan leƙen asiri suka zo da albishir: mutanen Yarima sun tsere daga ƙauyukan bayan ganuwa, sun bar rumbuna a buɗe maƙil da sabon hatsi, ga fadama ta yi toho kore shar. Kowa ya hau murna. Shamaki kaɗai ya gane tarko ne, don ya san mai riƙe da bargar Yarima. Tare suka koyi aiki a hannun ubangida ɗaya.

Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, dokin da ya sha yunwa ba a sakar masa sabon hatsi da ɗanyen toho. Zaƙin yakan sauka ƙafa ya zama wuta. A bar su kan busasshiyar ciyawa, hatsi kuwa tafi ɗaya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali."

Madawaki, shugaban mahaya, ya yi dariya, ya tuna wa fadawa cewa tsohon yana da amini a cikin ganuwa. Ya tambaya ko mai hana dokin Sarki ci, wa yake yi wa aiki? Maganar ta shiga kunnen Sarki ta zauna daram.

Shamaki bai haƙura ba. Ya sa barori biyu suka ɗaura wa dawakin Sarki takunkumi. Kafin azahar aka gane, aka fille kawunan barorin a gindin turke, jini ya malala cikin kwamin ruwa. Shi kuwa ba a kashe shi ba, aka yi masa abin da ya fi kisa: dogari ya ɗora masa takobi a wuya, ya bi turke turke yana zuba hatsin da hannunsa. Dawakin da ya raina tun suna duƙusai suna ta goga masa hanci don godiya, shi yana kuka.

A rana ta uku ya dafa kofaton ingarman Sarki, ya ji shi zau kamar murfin tukunya, jijiya tana bugawa. Ya ɗaga kai ya ga dawaki a jere sun miƙe ƙafafun gaba sun jingina baya, ko taku ɗaya ba mai iyawa. Ya roƙi a kai su rafi a tsayar cikin ruwan sanyi. Bai rufe baki ba aka buɗe ƙofar birni.

Ko doki ɗaya Yarima bai fito da shi ba. Dakaru ya turo, da gatura da masu. Mahaya sanye da sulke suka yi ta zuba ƙaimi har cikin dawaki ya tsage, dawaki suka durƙushe da su. Aka bi su ana sara kamar itace. Madawaki an tsire shi a kan sirdinsa. Sarki ya sauka zai gudu a ƙasa, nauyin sulke ya kayar da shi, wani manomi ya fasa masa kai da gatari.

Da ƙura ta lafa, Yarima ya sa aka kawo Shamaki, aminin Shamakin, mai riƙe da barga, na tsaye a gefe ya kasa haɗa ido da shi. Yarima ya ce ya faɗi abin da yake so.

"Wuƙa mai kaifi, ranka ya daɗe. Dawakin da kofatonsu ya kwaɓe ba za su tashi ba, kuma hannuna suka sani."

Masu ba da tarihi sun ce ya yanka ɗari uku kafin faɗuwar rana, yana kiran kowanne da sunansa, kuma bai sake shiga barga ba har ya mutu. Mai mulki yakan tsorata da maƙiyin da ke bayan ganuwa, amma gaskiyar bawansa ta fi ba shi haushi. Sarkin da mashi bai tanƙwara ba, ƙaddara ta kayar da shi da mudun hatsi.